Sau Biyar a Daƙiƙa

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Goge teburin naɗi. Duba ko sabuwar wayar jan ƙarfe ta iso.

Litinin, da yamma

Wayar ba ta iso ba. Ba ita ce damuwar ba.

Yau aka fara gwada naɗina a ɗakin katako. Na ce naɗina, amma na ma'aikata ne, ni dai na naɗa shi. Sanda ce mai tsawon kamu ɗaya, na zagaye ta da wayar jan ƙarfe wadda ta fi gashin kai siranta, layi kan layi, kusan wata biyu ina kai. Za a ɗaura ta a ƙarshen dogon hannun tauraron ɗan'adam, nesa da jikinsa, ta riƙa jin motsin maganaɗisu a can sama. Injiniya ta ce sararin ba fanko ba ne, akwai wata iska mai caji da rana ke hurowa, filasma, kuma tana kaɗawa kamar ruwa. Naɗin shi ne kunnen da zai ji kaɗawar. Na sha jin bayanin nan har ina maimaita wa baƙi. Ban ce na gane shi ba.

Ɗakin katako yana can ƙarshen fili, nesa da titi. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinsa. A ƙofa akwai tiren roba inda kowa ke zube makulli, wayar hannu, agogo, bel, har fil ɗin ɗankwali. Ni na kawo tiren shekarun baya, ni kuma nake tare mutane a ƙofa. Mutum ɗaya ke zama a ciki yana juya naɗin idan an ce ya juya. Sauran suna ɗakin kwamfuta. Muna magana ta dogon tiyon ban-ruwa mai mazurari a kowane baki, saboda oba-oba tana da maganaɗisu a ciki.

Ni na zauna a ciki. Layin da ya kamata ya kwanta a allo bai kwanta ba. Injiniya ta ce yana rawa, ƙanana-ƙanana, sau biyar a daƙiƙa. Dogo, wanda ke kula da sabon injin naɗi, ya sa baki a tiyo ya ce, "Uwar Waya, ko kiɗa kika naɗe masa a ciki?" Na yi dariya don a ji.

Idan nawa bai wuce ba, na injin Dogo za a saka. Idan na inji ya tashi sama, ban san me teburina zai ci gaba da yi a wurin ba. Babu wanda ya faɗi haka.

Hannun bai dame ni ba yau. Na sa maɗaurin wuyan hannun a ƙarƙashin farar riga.

Talata, da rana

An kashe janareto, layin yana rawa. An kashe famfon ruwa, yana rawa. An sa maigadi ya ɗauke kekensa daga jikin bishiya, ya ɗauke yana mita, wai shekara da shekaru nan yake jingine shi bai taɓa hana tauraro tashi ba. Yana rawa.

Injiniya ta zo ɗakin katako da kanta, ba takalmi, ta tsaya tana kallon rufi. Ta ce kayan lantarki sau hamsin suke bugawa, ba biyar ba. Ta ce biyar ɗin nan ya fi kama da abin da muke son ji a sama. Dogo ya ce to ai shi ke nan, a fasa harba tauraron, filasmar ta zo mana har gida, an huta da kuɗin mai.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko waya ta taɓa tsinke mini na haɗa. Na ce sau ɗaya, a layi na tara, kuma na nuna mata a lokacin. Ta ce ta tuna.

Sau ɗaya ne? Ina ganin sau ɗaya ne.

Laraba, kafin fita

Na nemi izinin rabin rana. Na ce haƙori.

Laraba, da yamma

Layin asibiti ya kai har waje. Likita ya sa na miƙa hannuwa, ya sa na taɓa hanci, ya sa na zana da'ira a takarda. Da'irar ta fito kamar bakin ganye. Ni da nake jera waya ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba. Ya faɗi wani suna, ya ce ba tabbas sai an yi hoto. Ya tambayi ko akwai mai irinsa a gida. Na ce mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ya rubuta.

Da na koma aiki na tarar an gwada naɗin inji a bayana. Dogo ne ya zauna a ɗakin katako. Layin ya kwanta lakadan, kamar an ja shi da rula.

Dogo bai yi ba'a ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, da safe

An sake gwada nawa. Ni a ciki. Rawa.

Alhamis, bayan an tashi

Na zauna a teburi ina bin naɗin a kaina tun daga layin farko. Na tuna ranar da fanka ta lalace, gumi ya ɗiga kusa da sandar, amma bai taɓa ta ba. Ko ya taɓa? Na tuna wata ranar da na ji wayar ta yi sako-sako a yatsa na ja ta kaɗan. Idan zagaye ɗaya bai kama ba, zai iya motsi a ciki. Amma me zai motsa shi sau biyar a daƙiƙa, ɗakin kuwa ko iska ba ta shiga?

Watan da na fara naɗin nan ne abin ya fara. Da farko ɗan yatsa ne kawai ke rawa, kuma sai hannun yana hutawa. Idan ina aiki yakan lafa. Na sayi maɗaurin a kemis, baƙi, mai abu mai tauri a ciki da ke riƙe wuyan hannu. Na tambayi mai kemis ko ƙarfe ne, ya ce roba ce, Hajiya, duk yanzu roba ake yi. Da shi na gama naɗin.

Wataƙila hannun ya bar wani abu a cikin wayar da ido ba ya gani. Wataƙila Injiniya ta riga ta yi wannan tunanin. Ba ta san da hannun ba. To ta yaya za ta yi tunanin.

A gida Yaya ta ce na zuba gishiri sau biyu a miya. Ta ce tun da mijinta ya rasu ta dawo wurina ba ta taɓa cin abinci mai ɗanɗanon teku ba sai yau. Na ce ta dafa nata. Ta ce za ta dafa, in dai zan daina riƙe ludayi da hagu kamar sabuwar koyo.

Ita ta yi jinyar Inna.

Juma'a, da hantsi

Injiniya ta ce a buɗe murfin naɗin a duba da madubin ƙara girma. Ni na buɗe, da hagu. Mu biyu muka duba. Ta ce, "Anti, ban taɓa ganin jeri mai kyan wannan ba, shi ya sa abin ke ɗaure mini kai." Ta girme ni a muƙami, na girme ta a shekaru, tana ce mini Anti ina ce mata Injiniya, haka muka sasanta tun zuwanta.

Ta ce ranar Alhamis mai zuwa za a rufe akwatin kayan, a aika wa masu haɗa tauraron. Kafin nan sai an zaɓi ɗaya.

Asabar, da rana

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Bari in bi shi daki-daki.

Yaya tana ɗinkin labule a falo. Allurarta ta faɗi. Muka duba ƙasa, muka ɗaga matashi, babu. Ni ina zaune kusa da ita, maɗaurin yana hannuna don na gama wanki. Sai ta ce, "Ke, ɗaga hannunki." Na ɗaga. Allurar tana manne a jikin maɗaurin, tana lilo da zarenta.

Ta ce, "Abin ya kai ga satar allura kuma?"

Na ɗauki rezar Yaya na farke ɗinkin gefen maɗaurin. Ba roba ba ce. Ƙarfe ne siriri mai lanƙwasa, an yi masa baƙin fenti. Kullum idan zan kwanta a bayan tsohuwar rediyon Inna nake rataye shi, daidai kan lasifika, don nan ne akwai ƙugiya. Ya sha maganaɗisu ya ƙoshi.

Ni da tirena. Na taɓa mayar da wani babban baƙo daga ƙofa saboda maɓallin wandonsa.

Yaya ta ce me ya faru na yi tsuru-tsuru. Na ce ba komai, mai kemis ne ya yi mini ƙarya. Ta ce wannan ai ba labari ba ne.

Asabar, da yamma

Ƙarfen da ke zaune wuri ɗaya ba ya damun irin wannan naɗin. Sai mai motsi. Ni na koya wa Dogo haka a makonsa na farko.

A ɗakin katako, tsakanin juyi da juyi, hannuna a kan gwiwa yake, yana hutawa.

Lahadi, da safe

Na ɗora hannun a kan takarda na kalli agogon bango. Na fara ƙirga rawarsa. Na daina.

Lahadi, da yamma

To naɗin lafiyarsa lau. Ya kamata in yi murna. Na yi, na ɗan lokaci, ina shanya. Abin da ko Yaya sai ta ƙura ido take gani, shi ya ji shi ta cikin riga, daga nesa da taku biyu. Babu kunne irin wannan a ma'aikatar nan.

Sai kuma na tuna abin da ya ji.

Gobe zan bar maɗaurin a gida. Layin zai kwanta, a ce an gode Allah, a rufe akwati. Ba sai kowa ya san komai ba. Ina ganin haka ne. Na juya shi ta ko'ina ban ga inda zai ɓaci ba.

Litinin, da rana

Ya ɓaci.

Na roƙi a sake gwadawa. Na shiga ba maɗauri, na cusa hannun dama a ƙarƙashin cinya, ina juya naɗin da hagu. Can Dogo ya ce ta tiyo, "Uwar Waya, ya kwanta. Wallahi ya fi nawa kwanciya."

Na fito da murna. Injiniya tana zaune ta riƙe kai.

Ta ce, "Anti, wannan ya fi muni. Da yana rawa kullum, da mun bi shi mun kama. Abin da ke zuwa ya tafi don kansa, ba mu san dalili ba, ba zan sa hannu ya tashi ba. A sama babu mai hawa ya gyara. Ya dawo bayan wata shida, mu ce filasma ce, mu rubuta wa duniya ƙarya?"

Na ce haka ne. Haka ɗin ne kuwa. Da ni ce ita, abin da zan faɗa ke nan.

Da za a mayar da naɗin akwatinsa, Dogo ya riga ni ɗauka. Bai taɓa yi ba, ya san ba na bari. Ya ce, "Bari in ɗauka miki, kin gaji." Idonsa yana kan sandar, bai kalli hannuna ba. Rashin kallon ya yi yawa.

Talata, da safe

Sabuwar waya ta iso. Na ɗaura sandar gwaji a teburi.

Talata, da yamma

Ba maɗauri wayar ta tsinke. Na haɗa, ta sake tsinkewa. Na rufe teburin da ƙyalle na ce kaina ke ciwo. Makon jiya haƙori, yau kai. Saura me.

Na gaya wa Yaya duka, muna tsince shinkafa. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba.

Ta ce, "To idan kin yi shiru?"

Na ce za a ajiye nawa a kabad, na inji ya tashi. Zan ci gaba da zama a teburi har ranar da wani ya lura, ko har a ce ba a bukatar naɗin hannu.

"Idan kin faɗa?"

Na ce nawa zai tashi. Ni kuma ba za a sake ba ni waya ba. Ko ni ba zan ba kaina ba.

Ta ce, "Wato ko ta ina teburin ya tafi."

Na ce ba lokaci ɗaya ba. Shirun zai iya ba ni shekara.

Ta ce, "Sandar nan 'yarki ce? Za ta zo gaishe ki ne idan ta je sama?" Na ce a'a. Ta ce to. Muka ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Inna ta ɓoye nata a cikin mayafi har ba ta iya ɓoyewa. Ke kina makaranta, ni na share fasassun kofuna. Kullum sai ta ce kyanwa ce. Ba mu da kyanwa."

Na ce to me take so in yi. Ta ce ita ba ta ce komai ba, in miƙo mata kwano.

Har yanzu ban san bayan wanne take ba.

Laraba, da safe

Na sa maɗaurin a jaka. Na ciro. Na mayar.

Laraba, da rana

Na je ƙofar ofishin Injiniya, tana waya da masu haɗa tauraron, na ji tana cewa gobe in sha Allahu. Na wuce kamar banɗaki zan je.

Idan na yi kuskure fa? Idan ba maɗaurin ba ne, ranar Litinin kawai sa'a aka yi? Sai in tona kaina a banza, naɗin kuma ya zauna a kabad duk da haka. Makarantata ba ta kai in rantse a kan wannan ba. Allura ce kawai hujjata.

Kuma ko da shi ne, da wannan hannun na naɗa sandar. Wa ya san abin da ke layi na ashirin, can ciki inda madubi bai kai ba.

Jakar tana ƙarƙashin teburi. Duk wanda ya wuce sai in ga kamar ita yake kallo.

Alhamis, da yamma

Akwatin yana buɗe a kan benci da na iso, na inji a ciki, Dogo yana yanka soso. Na ce wa Injiniya ina roƙon gwaji ɗaya. Ta ce, "Anti, ko ya kwanta sau goma ba zai canja komai ba." Na ce ba kwanciya nake so ta gani ba. Ta dube ni, ta ce a kunna.

A ƙofar ɗakin katako na zube makulli da agogo a tire. Maɗaurin na bar shi a waje kan ciyawa. Na shiga, na ce su duba. Ta ce a kwance yake. Na fita na ɗauko shi, na ajiye a kan kujera, ban sa ba. Ta ce ya yi tsalle sau ɗaya ya koma. Sannan na sa shi a hannu, na zauna inda nake zama, na ɗora hannun a gwiwa na ƙyale shi. Ban taɓa ƙyale shi da gangan ba.

Ina jin numfashin wani a cikin tiyon.

Ta ce, "Me kika kunna?"

Na ce ban kunna komai ba. Na ce ta zo ta gani, ta cire agogo.

Ta zo. Ta tsaya a ƙofa ta kalli hannun. Ni ma shi nake kallo, don ban san inda zan kai ido ba. Ta durƙusa ta taɓa gefen da na farke, ta ga ƙarfen. Ta ce a hankali, "Biyar. Na yi tunanin ɓera, na yi tunanin reshen bishiya. Na san abu mai rai ne, ban kawo mutum ba." Sannan ta ce, "Tun yaushe, Anti?" Na faɗa mata. Ta ce an ga likita? Na ce an gani.

Ta sa aka maimaita, da maɗauri, ba maɗauri, ni a ciki, Dogo a ciki. Ta sa Dogo ya ɗaura shi ya karkaɗa hannu da gangan. Ya ce ta tiyo, "Nawa bai kai na Uwar Waya tsari ba, ita ko a nan ma ta fi ni jeri." Ba wanda ya yi dariya sai ni. Ban san daga ina ta fito ba.

Na tambaye ta layukan ciki. Ta ce duk awon da aka yi masa ya wuce, abin da ya hana shi wannan ne kawai, kuma yanzu an san shi. Na ce amma da wannan hannun na yi. Ta ce ta sani. Ta sa hannu a takarda.

Dogo ya cire nasa daga akwati da kansa. Ya miƙo mini nawa in saka. Na ce ya saka. Ya saka, ina gaya masa inda soso zai tokare.

Motar ta tafi da la'asar. Ban fita kallo ba.

Maganar teburi, Injiniya ta ce za mu zauna. Ta ce akwai duba aikin inji, akwai koyarwa, akwai abubuwa. Ta faɗi "akwai" da yawa. Ta kuma ce dole ta rubuta yadda ƙarfe ya shiga ɗakin katako, da sunan wanda ya shigar. Na ce ta rubuta daidai.

Yaya ta tambaye ni tun daga ƙofa. Na ce ya tafi. Ta ce wa, ke ko sandar? Na ce sandar. Ta ce to zo ki ci abinci, yau ni na sa gishiri.

Juma'a, da yamma

Na je aiki. Ba wanda ya ce kada in zauna a teburi, ba wanda ya ce in zauna. Na tsaya kusa da injin Dogo ina kallon yadda yake jera waya. Yana saurin ja a kwana. Na faɗa masa, ya rage. Ban san ko wannan ne aikin yanzu ba.

Sandar gwajin tana nan ƙarƙashin ƙyalle, rabin layi, bakin wayar yana reto.

Gobe:

Karɓo takardar hoto a asibiti. Yaya ta ce za ta raka ni, kada in yi gardama.

Komawa kemis. Ban san me zan ce masa ba.

Mayar wa Yaya rezarta.

Rubuta a jikin tire cewa a riƙa duba kowa, har mai tsaron tiren.

Sandar gwaji: a warware ta, ko a ba Dogo ya ƙarasa. Tambayi Injiniya. Ko kuma a bar ta tukuna.